Yadda ake haɗa majalisar 'yan ƙasa, tun daga karɓar alkawari har zuwa bibiya

Kafin ku kama ɗakin taro, kafin ku buga takardar gayyata ko guda ɗaya, ku fara zuwa wajen wanda wuƙa da nama ke hannunsa a kan maganar, ko magajin gari ne ko majalisar dokoki ko minista, ku karɓi alkawarinsa a rubuce cewa ga abin da zai yi da shawarwarin in an gama. Da wannan na fara don a nan yawancin irin waɗannan majalisu suke karyewa, kuma abin takaicin sai a ƙarshe ake ganewa, bayan mutane sun ba da ranakun hutunsu wata da watanni.

To mece ce ma majalisar 'yan ƙasa? Mutane ne gama-gari, hamsin ko ɗari ko ɗari da hamsin, ba su tsaya takara ba kuma ba wanda ya naɗa su, ƙuri'a ce ta faɗa kansu. A tara su, a ba su tambaya guda mai wuya, a ba su lokaci da masana, su ji kowane ɓangare, su yi ta muhawara tsakaninsu har su fito da shawara. Kalmar ƙuri'a ma in ka bi asalinta abin da take nufi kenan, a zuba sunaye a zaro wanda ya faɗo, daga baya ne muka mayar da ita takardar da ake dangwalawa ran zaɓe. Mutanen birnin Atina na tsohuwar Girka da irin wannan ƙuri'ar suke cike majalisarsu ta mutum 500. Hikimar abin a fili take, wanda ƙuri'a ta ɗauko ba ubangidan siyasa gare shi ba, ba ya tunanin tazarce, ba wanda ya kashe masa kuɗin kamfe balle ya biya bashi, saboda haka yana iya sauraron hujja ya ce wallahi da na shigo ba haka nake tunani ba, amma yanzu na canja. Ɗan siyasa ko yana so da wuya ya iya faɗin haka a gaban kyamara.

Mu koma kan alkawarin nan. Kala-kala ne, kuma ku nemi mafi ƙarfin da za ku iya samu. A birnin Gdansk na ƙasar Folan, bayan ambaliyar da ta ci garin a 2016, magajin garin na lokacin Pawel Adamowicz ya yarda cewa duk shawarar da ta samu goyon bayan kashi 80 cikin 100 na mutanen majalisar 'yan ƙasar to dole hukumar birni ta aiwatar. Wannan shi ne mai ƙarfi. A lardin Biritish Kolombiya na Kanada a 2004 alkawarin shi ne duk tsarin zaɓen da majalisarsu ta mutum 160 ta fito da shi za a kai shi kai tsaye gaban jama'a a ƙuri'ar raba gardama, kuma an kai ɗin a 2005. Mafi ƙarancin abin da za ku karɓa shi ne hukuma ta amsa kowace shawara ɗaya bayan ɗaya a rubuce, cikin wa'adin da aka yanka, wadda ta ƙi ta faɗi dalili. In aka ce muku "za mu duba" kawai, to ni dai a ganina gara ku dakata tukuna.

Ku dubi abin da ya faru a Faransa. Bayan zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa, Shugaba Macron ya kira majalisar mutum 150 kan sauyin yanayi, suka zauna daga Oktoba 2019 zuwa Yuni 2020, ya ce zai miƙa shawarwarinsu ba tare da tacewa ba, ko ga majalisar dokoki ko ga ƙuri'ar raba gardama ko a aiwatar kai tsaye. Suka kawo shawara 149. Tun a ranar da ya gana da su kan shawarwarin ya ajiye uku gefe, ciki har da rage gudun mota a manyan tituna zuwa kilomita 110 a awa da harajin kashi 4 cikin 100 kan ribar da kamfanoni ke raba wa masu hannun jari, sauran kuma da yawa aka yi ta sassauta su kafin su shiga dokar 2021. Da 'yan majalisar suka sake zama a Fabrairu 2021 suka ba gwamnati maki 3.3 cikin 10 kan yadda ta ɗauki aikinsu. Mutanen nan sun yi aiki tsakani da Allah, alkawarin ne ya kasance na baki, ba wata doka da ta ɗaure shi.

In alkawari ya samu sai tambaya. Guda ɗaya, kuma wadda take da zafi da gaske, irin wadda in an ba wannan sai an hana wancan. "Ya za mu gyara harkar lafiya?" ta yi faɗi da yawa, kowa zai zubo burinsa a tashi da jerin buƙatu da ba kuɗin yin su. Amma in kuka ce ga kuɗin da ke akwai na shekara uku, asibiti babba ɗaya za a gina ko ƙananan wuraren shan magani goma za a gyara, kuma me za a haƙura da shi, to nan mutane za su zauna su yi tunani. Kar kuma tambayar ta zo da amsarta a ciki, mutane ba yara ba ne, suna ganewa in ana so a yi amfani da su a buga hatimi kan abin da aka riga aka yanke. Tambayar Faransa, duk da abin da ya biyo baya, an tsara ta da kyau: ta yaya za a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da aƙalla kashi 40 cikin 100 kafin 2030 in aka kwatanta da 1990, ba tare da an danne talaka ba. Akwai adadi, akwai lokaci, akwai sharaɗi.

Wanda ya ba da kuɗi kar ya zama shi ke jan ragamar zaman. Ku samo masu gudanarwa da ba su da wata riba a sakamakon, da shugaban da kowa ke jin nauyinsa, a ƙasar Ayilan alƙaliyar kotun ƙoli Mary Laffoy aka ɗora kan majalisar mutum 99 ta 2016. Sannan ku kafa ɗan kwamitin sa ido ku sa waɗanda ba sa ga maciji da juna kan batun a ciki, su duba jerin masana da takardun da za a raba, in dukkansu suka sa hannu ba wanda zai zo daga baya ya ce an yi coge.

Yanzu ƙuri'ar kanta, nan zan ɗan daɗe don ita ce ran abin gaba ɗaya. Hawa biyu ake yi. Hawa na farko a zaro adireshi ko lambobin waya masu yawan gaske ba tare da duba na wane ne ba, a aika gayyata. Majalisar sauyin yanayi ta Birtaniya a 2020 wasiƙa 30,000 aka aika don a samu mutum 108. Faransa waya aka yi ta bugawa zuwa lambobin da kwamfuta ta zaro. Kar ranku ya ɓaci in kuka ga kaɗan ne suka amsa, haka abin yake ko'ina, kuma waɗanda suka amsa ɗin za ku tarar yawancinsu masu digiri ne, ko 'yan fansho masu lokaci, ko waɗanda dama siyasa ke jininsu. In kuka tsaya nan kuka ɗauki waɗannan, kun haɗa taron 'yan boko kenan kun sa masa sunan jama'a.

Shi ya sa ake hawa na biyu. Ku ɗauko alƙaluman ƙidayar yankin ku shimfiɗa a tebur. A ce mutum 50 kuke so, kuma mata su ne kashi 52 cikin 100 na jama'ar wurin, to kujera 26 ta mata ce, ba ragi. Matasa 'yan ƙasa da shekara 30 kaza ne, kujerunsu kaza. Mutanen karkara, waɗanda ba su wuce firamare ba, masu buƙata ta musamman, ƙananan ƙabilu, kowa da kasonsa. Sai a sake jefa ƙuri'a a cikin waɗanda suka amsa har kowane gurbi ya cika, ta yadda in ka leƙa ɗakin za ka ga garin ne aka ƙanƙance. 'Yan Birtaniya sun ƙara wata dabara da nake so sosai, sun tambayi kowa tun farko yadda sauyin yanayi ya dame shi, suka tabbatar waɗanda abin bai dame su ba ma sun samu kujerunsu daidai da yawansu a ƙasa, kuma wani kaso na wasiƙun da gangan aka tura shi unguwannin marasa ƙarfi don an san can ba a cika amsawa ba. Ku ma ku yi haka da batunku, in rabin gari na adawa da abu to rabin ɗakin ya zama masu adawa.

Inda babu rajistar adireshi mai kyau ba shikenan an fasa ba. A zaro wurare a taswira, a tura ma'aikata su ƙwanƙwasa ƙofa da ƙa'ida ɗaya da ba mai canja ta, misali kowane gida na goma, kuma a cikin gidan ma a sake ƙuri'a, in ba haka ba duk maigida ne zai fito ya ce shi ne. Ku yi zaron a bainar jama'a a ɗauka a bidiyo, a Jamus a 2023 shugabar majalisar dokoki ce da kanta ta zaro lambar da ta fitar da mutum 160 na majalisar da ta duba harkar abinci. Kuma don Allah kar a bar wa kowa kujerar alfarma. Za a zo, za a ce wane mutumin kirki ne ya san harkar a sa shi, amsar ita ce ya zo ya yi bayani a matsayin masani, kujera kam sai wanda ƙuri'a ta ba. A Ayilan a farkon 2018 an gano wani ma'aikacin ɗaukar mutane ya cike gurbin mutum bakwai ta hanyar waɗanda ya sani, dole aka sallame su aka fito aka yi wa jama'a bayani. Mutum bakwai kacal, amma sai da ya taɓa mutuncin zaman. Ku tanadi jerin 'yan ko-ta-kwana tun farko ta ƙuri'a, don wani zai yi rashin lafiya wani zai janye.

Ku biya su. Wannan ba cin hanci ba ne, haƙƙinsu ne, mai aikin yini da in bai fita ba ba a ɗora tukunya ba zai iya ba ku kwana biyu kyauta ba, kuma shi kuka fi buƙata a ɗakin. Birtaniya fam 150 ta ba kowa a kowane ƙarshen mako ban da kuɗin mota da masauki. Ku haɗa da mai kula da yara, da tafinta, da wanda zai raka makaho ko ya tura keken gurgu, da takarda zuwa wajen aikin mutum don a ba shi izini. Duk abin da kuka tsuke a nan wani rukunin mutane ne kuka kora ba ku sani ba.

Lokaci kuma kar ku yi rowarsa. Yini ɗaya ba ya isa ko kusa. Ƙaramin batu na gari ma a ba shi kwana huɗu zuwa shida a rarrabe, da sati biyu ko uku tsakanin zama da zama, don mutum ya koma gida abin ya kwanta masa, ya yi gardama da matarsa ko abokin aikinsa ya dawo da sabuwar tambaya. 'Yan Ayilan ƙarshen mako biyar suka kwashe kan dokar zubar da ciki kaɗai, daga Nuwamba 2016 zuwa Afrilu 2017, batun da 'yan siyasarsu suka shekara talatin da wani abu suna tsoron taɓawa. Ko mutum ya yarda da inda suka sauka, wato a sassauta dokar, ko bai yarda ba, da aka kai maganar ƙuri'ar raba gardama a Mayu 2018 kashi 66 cikin 100 na masu zaɓe kusan inda 'yan majalisar suka tsaya nan suka tsaya.

Zaman farko na koyo ne. Masani ya yi minti goma ko sha biyar ya tsaya, sauran lokacin na tambayoyi ne, kuma a raba wa kowa kati, ruwan ɗorawa na nufin rage gudu, ja na nufin ban gane ba a sake, kaga wadda ke jin kunyar ɗaga hannu a gaban farfesa sai ta ɗaga kati kawai. A kawo masana na kowane ɓangare, a kawo masu fafutuka a faɗa wa ɗaki ƙarara cewa waɗannan ra'ayinsu suke karewa, a kuma kawo waɗanda abin ke ci a jikinsu, in maganar ambaliya ce a ji daga bakin wanda ruwa ya shiga ɗakinsa da tsakar dare. Ku bar gurbi a jadawali don 'yan majalisar su ce mu wane muke so mu ji, a nemo musu shi.

Amma ainihin aikin a ƙananan tebura yake, mutum bakwai ko takwas da mai gudanarwa ɗaya. Kwatanta teburin a ranka, ga tsohon ma'aikacin gwamnati ya saba magana, tun ba a gama karanta tambaya ba ya fara, ga wani saurayi yana ta latsa waya, ga wata baiwar Allah ta naɗe hannu tun safe ba ta ce uffan ba, da aka gaisa ma cewa ta yi ita ba ta yi karatu ba ta zo ne kawai don an ce sunanta ya fito. Mai gudanarwa na ƙwarai ba zai ce wa tsohon ya yi shiru ba, zai ce kowa ya ɗau minti biyu ya yi tunani shi kaɗai tukuna, sannan a zagaya ɗaya bayan ɗaya, kuma ya faro daga ita, ya ce Hajiya ke a unguwarku ya abin yake? Sau da yawa a nan ake jin abin da ba ya cikin takardar kowane masani, cewa motar kwasar shara ba ta iya shiga lungun, ko asibitin yana rufewa kafin masu aiki su tashi. Mai gudanarwa ba ya faɗin ra'ayinsa ko da fuska. Kullum a sake cakuɗa teburan don kar a kafa ƙungiya. Masu cewa wanda bai yi boko ba ba zai iya ba, su je su duba abin da aka yi a Tamale ta Gana a 2015, inda aka zaro mutum sama da 200 suka kwana biyu suna tattauna ruwa da tsafta da abinci, da yawansu ba sa karatu, aka mayar musu da takardun bayani bidiyo, kuma suka auna shawarwarin da hujja.

In an zo rubuta shawarwari su rubuta da bakinsu, kar wani sakatare ya kwashe ya je ya gyara musu zuwa yaren ofis ya dawo da abin da ba su faɗa ba. A kaɗa ƙuri'a a asirce kan kowace shawara, a buga adadin yadda yake, waɗanda aka rinjaya a ba su shafi su rubuta dalilinsu. Ku kuma matsa musu su jera bisa muhimmanci su rage yawa. Shawara 149 tana ba gwamnati damar tsintar masu sauƙi ta ce ai mun aiwatar da kaza, amma 'yan Jamus tara suka fitar, ta farko abincin rana kyauta ga yara a makarantu, kowa na iya riƙe tara a ka ya tambayi ina aka kwana.

Wani abin da ake mantawa shi ne sauran jama'ar da ba sa ɗakin. Mutum ɗari sun fahimci batu, miliyoyi a waje ba su ma san an zauna ba. A Biritish Kolombiya an yi zaman jin bahasi 50 a faɗin lardin, shawarar ta samu kusan kashi 58 cikin 100 kuma ta yi rinjaye a mazaɓu 77 cikin 79, amma ta faɗi don gwamnati ta sa sharaɗin kashi 60, kuma masu zaɓe da yawa sun je rumfa ba su da cikakken labarin majalisar. Saboda haka ku watsa bayanan masana kai tsaye a intanet da rediyo kamar yadda Ayilan ta riƙa haska zamanta, ku buɗe ƙofa kowa ya aiko da ra'ayinsa a rubuce, can sama da 13,000 aka aiko kan batu ɗaya. Hirar tebur ita kam a bar ta a rufe, kuma a kare 'yan majalisar daga masu zuwa kamun ƙafa da masu zagi a soshiyal midiya, wanda ba ya so a ga fuskarsa a mutunta hakan.

Ranar miƙa rahoto ba ita ce ranar gamawa ba, ku sa wannan a kasafin kuɗi tun farko. Ko Ayilan da ake yabo ta ɗanɗana, majalisarta kan daidaiton maza da mata ta ba da shawarar yadda za a gyara sashen tsarin mulki da ke maganar kula da iyali, gwamnati ta zo da nata lafazin mai rauni, jama'a suka yi watsi da shi a Maris 2024 da kusan kashi 74 cikin 100. Waɗanda na ga sun kama bakin zaren su ne yankin masu jin Jamusanci a gabashin Beljiyam, mutanen da ba su kai 80,000 ba. Tun 2019 suka yi doka suka kafa majalisar dindindin ta mutum 24 da ƙuri'a ke zarowa, su ke zaɓen batun da za a tattauna ba 'yan siyasa ba, su kira majalisar mutum 25 zuwa 50 a kai, sannan su bi sawun shawarwarin, kuma majalisar dokokin yankin dole ta zauna da mutanen, abin da ta ƙi ta rubuta dalili, bayan shekara a sake haɗuwa a ga me aka yi.

Ko ba ku da irin wannan doka kuna iya kwaikwayon rabinta. Tun a zaman ƙarshe a yanka ranar dawowa, wata shida da kuma shekara ɗaya, a zaɓi mutum biyar ko shida daga cikinsu su zama masu bibiya, a buga jadawali mai layi uku a inda kowa zai gani, ga shawara, ga amsar hukuma, ga inda aiki ya tsaya yau. Ran dawowar a kira wanda ya sa hannu a alkawarin nan na farko shi da kansa, ba wakili ba, a ajiye takardar a gabansa, a bi layi-layi.